Saƙon da na danne a filin besbol

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da muka kai Salifu Baduku makwancinsa. Ni da na ɗauki makararsa a kafaɗa ran nan, yau sai an tallafe ni nake hawa tirotiro, motar hayarmu. Abokan da muka yi sahu a bayan liman duk sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, saura ni, Haruna mai ɗaurin goro. Jikokinsa sun san shi dattijo ne mai ɗinkin takalmi, mai ƙarancin magana, wanda ba ya wuce jam'i. Ba su san akwai zamanin da Zangon Kumasi ba ta da hannu irin nasa wajen jifa ba, ba su kuma san abin da na yi masa ba. Tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa wankana ya matso, bari in faɗa da bakina.

Masu karatu da yawa za su yi mamakin jin an taɓa buga besbol a Zango. An buga, a shekarun nan na hamsin, kafin ƙasar nan ta sami 'yancin kai. Lokacin yaƙin duniya sojojin Amirka sun yi sansani a Ankara, babban birninmu can bakin teku, wani mutumin unguwarmu, Baba Mumuni, ya yi musu wanki da guga shekara uku. Da suka kwashe ya dawo gida da dutsen guga, da safar hannu ɗaya ta fata, da ƙwallo biyu, da wasan a kansa. Ya tara mu samari ya koya mana da tsawa da zagi. Kulakan duka wani kafinta Batone, ɗan asalin garin nan, ya sassaƙa mana, tashoshin da ake rugawa kuwa tsofaffin buhunan goro ne da na cika da dusar katako. Da ƙwallayen nan biyu suka yage, Salifu ya farke ɗaya ya ga cikinta, daga nan shi ke ɗinka mana.

Wasan ba shi da wuyar faɗa. Mutum tara ne a kowane ɓangare. Ɗaya yana jifa, ɗaya yana tsugune a bayan mai duka yana cafewa, sauran suna warwatse a fili. In mai duka ya doki ƙwallo sai ya ruga tasha ta farko kafin a riga shi da ita. In aka jefo masa jifa mai kyau sau uku bai doka ba, ya fita. In kuwa mai jifa ya bauɗe sau huɗu, mai duka ya ajiye kulki ya taka zuwa tasha a ɓagas. Mutum uku ake fitarwa a kowane zagaye, zagaye tara ne, ashirin da bakwai ke nan. Salifu ne mai jifanmu, ni ne mai cafe masa, tafin hannuna na hagu har yau bai manta ba.

Baba Mumuni ya sha gaya mana cewa mai jifa yana da daraja biyu da zai iya kaiwa. Ta farko, a gama wasa ba wanda ya doki ƙwallonsa har ya kai tasha. Wannan ma abin a shekara ana labari ne. Ta biyu ita yake kira wasa mara tabo: ashirin da bakwai su zo, ashirin da bakwai su koma, ba wanda ƙafarsa ta taɓa tasha ta farko, ko da duka, ko a ɓagas, ko da kuskuren wani. Ya ce duk zamansa a sansani bai gani ba, su kansu masu wasan ji suke yi. In yana wannan magana muryarsa kan sauka, zagin ma ya kan manta da shi.

Kwanakin baya wani jikana ya nuna mini a wayarsa cewa a can ƙasar masu wasan har yanzu ana tuna waɗanda mutum ɗaya tak ya ɓata wa irin wannan rana. Wani, alƙalin wasa ne ya yi masa kuskure; wani, ƙwallonsa ce ta gogi rigar mai duka; wani kuma abokinsa ne ya saki abin da yaro zai cafe. Na daɗe ina kallon 'yar wayar. Su an rubuta nasu, an ɗauki hoto, kowa ya ga inda aka yi ɓarin. Namu ba jarida, ba hoto, filin ma yanzu shaguna ne da masu gyaran babur. Da Salifu na nan na san abin da zai yi, zai karɓi wayar ya juya ta ya duba ɗinkin rigarta, ya ce aikin banza ne, ya miƙo mini.

Abin da ya sauya mana zama aure ne. Salifu ya auri Hajara, 'yar Baba Mumuni ta fari. Daga ranar da aka shafa fatiha, mutumin da ke kama kunnen Salifu a fili yana ce masa jaki ya zama suruki. Salifu ya daina faɗar sunansa, ya daina haɗa ido da shi, in ya hango shi a lungu sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa har ya wuce. Shi ma tsohon bai ƙara kiran sunan Salifu ba. To yaya za ka koya wa mutum jifa ba ka kalle shi ba, shi kuma yana tsaye gabanka da gajeren wando? Sai Baba ya bar mana ƙungiyar Zango, ya haura unguwar Aboabo ya tara wasu samarin ya kafa tasa.

Amma zuciyarsa tana wurin hannun nan da ya rena. Sai na zama gadar da ke tsakaninsu. In na bi ta shagonsa yana guga, ba zai ɗago ba, zai ce, "Ka ce wa abokinka yana sakin kafaɗa da wuri." In kai wa Salifu, ya saurara kansa a ƙasa kamar tsohon na wurin, ya ce, "Ka ce wa Baba na ji, na gode." Duk abin da ɗaya ya sani game da zuciyar ɗaya, ta bakina ya bi. Hajara ba za ta yi wa ubanta zancen mijinta ba, ita ma kunyar ta ɗaure ta. Na ji daɗin wannan matsayi ƙwarai, har ina ganin kaina wani abu.

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. Na ga suruki da mijin 'yarsa a benci ɗaya a Asawase suna kallon ƙwallon ƙafa, suna musu, har ɗaya yana dukan cinyar ɗaya. Tsofaffi irina kan ce duniya ta lalace. Ni ba na saurin faɗar haka, dalilina kuwa yana tafe.

Wata Lahadi bayan azahar muka kara da Aboabo. Tun jifan farko na san yau hannun Salifu ba na kullum ba ne, ƙwallon tana shiga safata da wata ƙara da ban saba ji ba. Uku suka zo suka koma, uku suka zo suka koma. Biyu ko uku sun taɓa ta, amma ta mirgina gaban mutanenmu aka riga su tasha. Muka tsaya muka yi la'asar, muka dawo, abin bai sake ba. Wajen zagaye na bakwai fili ya yi tsit. Baba ya taɓa gaya mana ba a ambatar abin tun yana tafe, don haka ba wanda ya zauna kusa da Salifu, ba wanda ya ce masa sannu. Har Tonawan da ke wucewa suka tsaya, ba su san dokar wasan ba, amma sun ga fuskokinmu.

Zagaye na tara, na ashirin da biyar ya fita, na ashirin da shida ya fita. Saura mutum ɗaya, wani dogon yaro mai tsoron ƙwallo, wanda ko ni zan iya fitarwa. Har na fara murmushi a bayan ragar wayar da ke kare mini fuska. Sai na ga Baba Mumuni ya miƙe, ya naɗe hannun rigarsa, ya karɓi kulki daga hannun yaron. Doka ta yarda a sauya mai duka. Shekarunsa sun kai hamsin, rabonsa da riƙe kulki a wasa tun kafin auren.

Da ya tako ya tsaya a gabana, Salifu ya tuɓe takalmansa a kan tudun jifa ya durƙusa, ƙwallo a hannu, kai a ƙasa. Wasu suka yi dariya, dattawan da ke gefe suka gyaɗa kai. Tsohon bai kalle shi ba, bai kuma waiwayo ni ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Haruna, je ka ce wa abokinka ya tashi. Ya jefo da ƙarfinsa duka, kamar bai san ni ba sam, kraa. Shekara uku na yi wa Bature wanki ban ga wannan abu ba. Daga nan nake so in gani."

Na ɗaga wa alƙali hannu, na nufi tudun. Taku ashirin ne ko ƙasa da haka, a cikinsu na lalata abin da ban iya gyarawa ba. Na ce a raina, wayon tsofaffi ne. Shi ya koya wa Salifu kowane jifa, ya san inda kowanne ke faɗawa, so yake a miƙo masa a saiti ya ɗaga ta sama ya ceci yaransa daga kunya. In kuwa aka riƙa bauɗe masa kaɗan, zafin zuciyarsa ba zai bar shi ya tsaya ba, zai kai duka a iska ya fitar da kansa. Na ga dabarata ta fi ta kowa a filin. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni ko kututture ban hau ba.

Salifu na durƙushe ya tambaye ni, "Baba ya ce me?"

Na ce, "Bai ce komai ba. Tashi. Ka riƙa jefawa nesa da shi, zai kai duka da kansa."

Da na isar da saƙon yadda aka ba ni, da Salifu ya jefa, domin umarnin suruki ya fi kunyar suruki nauyi. Tun da ban isar ba, sai ya rage masa kunyar kaɗai. Ya miƙe ba takalmi, idonsa a ƙasa, ya jefo ta can gefe, a hankali, kamar mai miƙa wa jariri abu. Tsohon bai motsa ba. Na biyu haka. Kulkin yana sama, ƙafafunsa a kafe, yana jiran jifan da ya aika a kawo masa. Bayan na uku na gane na yi kuskure, kuma ina da damar sake ɗaga hannu in koma in gyara. Ban tashi ba. Na ji kunyar a ga na koma sau biyu. Na huɗu ya zo ya faɗa safata ba ƙara.

Baba Mumuni ya sunkuya ya ajiye kulkin a hankali. Ya ce, "Yoo. Ashe na tsufa har haka." Ya taka zuwa buhun farko ya tsaya a kai, yana kallon ƙasa.

Mutum na ashirin da takwas jifa uku Salifu ya yi masa, har yau ban ga irinsu ba, na ukun sai da ya tsaga mini fatar yatsa. Muka ci wasa, ba wanda ya doki ƙwallonsa ya kai tasha. Samari suka ɗaga shi sama suna ihu har cikin Zango. Yawancinsu ba su ma san an rasa wani abu ba. Mu uku muka sani, kowa da irin saninsa.

Tsohon ya ga na je tudu, ya ga bakina ya motsa, don haka ya ɗauka saƙonsa ya isa, yaron ne ya ƙi, ya mai da shi abin tausayi a gaban jama'a. Salifu kuma ya ɗauka mutumin da ya koya masa wasan, wanda ya fi kowa sanin darajar ranar, ya shigo ne da gangan don ya san ba za a iya jifansa ba. Kowannensu ya haɗiye nasa. Ga abin da ban taɓa tunani ba sai da na gani: daga waje, kunya da gaba kamanninsu ɗaya. Mai kunya ba ya magana, ba ya haɗa ido, yana kauce hanya. Mai gaba ma haka. Duk Zango na yaba ladabin da ke tsakanin Salifu da surukinsa, ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashin ladabin ya ruɓe.

Alamun ƙanana ne. Baba bai ƙara taka filin ba, bai ƙara ce mini "ka ce wa abokinka" ba. Kowace Sallah Salifu kan ɗinka masa takalmi, da su yake zuwa Idi. Bayan ranar nan ana kai masa yana karɓa yana sa albarka, amma a ƙafar maƙwabcinsa nake ganinsu. Da Hajara ta haifi namiji, unguwa ta sa ran za a ce Mumuni, sai aka ji wani suna. Wasan kansa bai ƙara shekara uku ba ya mutu, samari suka koma ƙwallon ƙafa da taron siyasa.

Shekara bakwai ina riƙe da maganin a bakina. Sau uku na je shagon guga da niyya, in zauna, in yi zancen tsadar gawayi, in tashi. Kullum gobe. Ba tsoron duka nake ba, tsoron in faɗi a idon mutum biyu da suka yarda da ni nake, alhali na riga na faɗi, su ne dai ba su sani ba. Ana cikin goben sai aka wayi gari Baba Mumuni ya rasu, ciwon kwana biyu.

Salifu ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Rabon da hannunsa ya taɓa jikin mutumin tun kafin aure. A hanyar dawowa, rana tsaka, na ja shi gefen titi na faɗa masa komai, kalma da kalma, har da "daga nan nake so in gani." Na yi tsammanin mari, na kuma so a mare ni. Sai ya zauna a bakin kwata, ƙasar kabari a gwiwoyinsa.

"Ashe so ya yi in jefa," ya ce. Sannan ya ce, "Shekara bakwai, Haruna. Ina durƙusa masa, cikina yana zaginsa."

Ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba. Ni ko hawayen ban ga na cancanta ba.

Bai rabu da ni ba. Mun ci abinci a kwano ɗaya kusan shekara talatin bayan haka, ya tsaya mini a auren 'ya'yana, ɗan da Hajara ta haifa daga baya ya sa masa Mumuni. Bai taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Abu ɗaya ne kawai: bai ƙara aike na ba. Ko gaisuwa ce zuwa gidan da ke jikin nawa, ya gwammace ya saka takalmi ya je da kansa. In na ce, "Kawo in kai maka, hanyata ce," sai ya yi murmushi ya ce ƙafarsa na son motsi. Hukuncin ya dace da laifin, kuma ya fi mari zafi.

Da 'yarsa ta fari ta yi aure, kwana uku da biki ya aika aka kira angon. Yaron ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙofar shago. Salifu ya sa shi ya tashi, ya zaunar da shi a tabarmar da yake kai, ya ce, "Ka girmama ni, ina so paa. Amma in kana da magana da ni, kawo ta da bakinka. Ni ma haka." Zango ta yi surutu, aka ce baduku ya zubar da girma. Don haka in aka tambaye ni me zai ce da zamanin nan da suruki ke buga wa suruki waya, ina jin zai ɓata fuska ga rashin tuɓe takalmi, amma wayar ba zai ƙi ta ba.

In na auna abin da ya rage na Salifu, ba jifan ba ne. Waɗanda suka ga jifan sun ƙare sai ni, ni kuma shaidata kun ji irinta. Takalman da ya ɗinka sun tsufa sun tafi. Abin da ya rage shi ne gidaje huɗu na 'ya'yansa mata, inda har yau in magana ta taso ake zama a yi ta ido da ido, jikokin ba su ma san daga ina abin ya samo asali ba. Da kuma misalin mutumin da aka cuta a abin da ya fi so, ya yafe, bai kuma yi ƙaryar cewa ya manta ba.

Ciwonsa na ƙarshe ya ja wata biyu. Wata safiya na je duba shi, Hajara ta fita ta ba mu wuri. Ya rame, hannun nan na dama ya zama kamar kara. Ya kalle ni, na ga tsohuwar tsokanar nan a idonsa.

"Haruna, da alama zan riga ka isa wurin Baba. Kana da saƙo?"

Da ƙyar na ce, "Ka ce masa ni ne. Ka ce ya yafe mini."

"Yoo," ya ce. Ya lumshe ido. "Ni dai zan isar."

Washegari da hantsi ya cika. Malamai za su ce mamaci ba ya ɗaukar saƙo, ban kuwa isa in yi musu da su ba. Amma na zauna da Salifu shekara hamsin da ɗoriya, ban taɓa ganin an aike shi ya rage ko kalma ɗaya a hanya ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baba Mumuni, ya sa sun daidaita, ni kuma ya sa in na iso a amsa mini sallama.